AMSOSHIN WASIƘUNKU: FITILAR GIYAR ƘAFA HUƊU TA ƘI KAMAWA

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani ɗan kasuwar hatsi mai bin kasuwannin ƙauye da tsohuwar Toyota Hilux. Ya ce in ya saka giyar ƙafa huɗu, 'yar fitilar nan ta gaban direba mai rubutun 4WD ba ta kamawa. Wani ya ce masa sai an sauke giya, ga damina ta kawo jiki, ga kuɗi sun yi wuya. Yana tambaya, yaya zai yi?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kada ka yi saurin sauke giya tukuna. Ita fitilar nan 'yar aike ce kawai. Wani lokaci aikin ya yiwu, ɗan aiken ne bai iso da labari ba.

Ga yadda take aiki. Wuta na tasowa daga batir, ta bi ta fis, ta shiga ƙwan fitila, sannan ta gangara ta waya zuwa wani ɗan makunni da aka ɗaura a jikin ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. In ka ja sandar daga H2 zuwa H4, wani ƙarfe a ciki zai motsa makunnin, wutar ta samu hanyar komawa jikin mota, fitila ta kama. Ka ga wurare huɗu ke nan: fis, ƙwai, waya da makunni.

Da farko a tabbatar ko giyar ita kanta tana shiga. Ka tsaya a wuri mai daidai, ka kashe mota, ka ja birkin hannu, ka sa duwatsu a tayoyi. Ka juya hob na ƙafafun gaba zuwa FREE. Idan sandar tana H2, farfelar gaba za ta juya da hannu. Ka mayar H4, in ta cije ta ƙi juyawa, to giyarka lafiya lau, matsalar ta wuta ce.

Na biyu, fis. A yawancin waɗannan motoci fis ɗaya ke ba ta wuta tare da agogon mai da na zafin inji. In su ma sun mutu, to ga ɓarawon nan. A sa sabo mai lamba daidai da tsohon. Don Allah kada a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari, da haka mota ke kamawa da wuta. In sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

Na uku, a leƙa ƙarƙashin mota a nemo soket ɗin makunnin. A kula, makunnin fitilar ribas ya yi kama da shi, kada a rikita su. Nan ne laka da ruwan rafi suka fi yin ɓarna. A zare, a goge tsatsa, a mayar. In bai yi ba, a zare kuma, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a haɗa bakin wayoyin biyu da suka fito daga mota da guntuwar waya. Fitila ta kama? To fis da ƙwai da waya duk lafiya, makunni ne ya mutu, kuma kwance shi ake yi daga waje kamar noti. In ba ta kama ba, a duba ƙwan, sannan a bi wayar taki-taki. Hilux bolt 12 take amfani da shi, amma akwai wasu Land Cruiser na dizal masu 24, saboda haka a je da tsohon ƙwan wajen saye.

Wasu kuma tasu fitilar ƙin mutuwa take yi. A zare soket ɗin nan. In ta mutu, makunni ne ya maƙale. In tana nan kunne, wayar ce ke taɓa jikin mota. Amma a gwada farfela tukuna, don in da gaske motar na cikin H4 aka hau kwalta da ita, sitiyari zai yi tauri a kwana, taya ta cinye, giya ta wahala.

Abu guda kuma, Malam: fitilar ba ta san halin da hob ke ciki ba. Tana iya kamawa tangaran, amma in ba ka sauka ka juya su zuwa LOCK ba, ƙafafun gaba ba za su ja ba, ka kafe a taɓo da buhunanka.

Masu sababbin motoci da ake murɗa maɓalli kuwa, in fitila ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, alama ce giyar ba ta gama shiga ba. Wannan sai a kai wa mai gyaran wayar mota da ke da na'urar gwaji.

Malam, ka fara da mai araha kafin mai tsada. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.