Ajiye Rubutaccen Bayani Kafin Jirgin Haɗin Gida Ya Tashi

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin jirgin sama ce, irin wanda kamfani kan sayar gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mai shi ya harhaɗa da hannunsa, da kuma bayanan da lalle ne ya ajiye kafin a yarda masa ya tashi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1989 ne jirgin nan mai suna Air Beetle ya fara tashi. Kamfanin AIEP na Kaduna ne ya harhaɗa shi bisa zanen RV-6A na kamfanin Van's da ke Amurka, aka kuma yi odar guda 60 domin koya wa mayaƙan samanmu tuƙi. Haka nan a 2007 labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya bazu cikin duniya, saboda jirgi mai saukar ungulu da ya ƙera da tsofaffin kayan mota da babur. Hazaƙa dai muna da ita. Sai dai hukuma ba ta iya auna hazaƙa da ido, shaida a rubuce take nema.

Ga dalili kuwa. Da zarar an rufe fiffike da faifan alminiyam, ba wanda zai ƙara ganin abin da ke cikinsa. Sufeto ba zai farke jirgi don ya ƙirga ƙusoshi ba. Abin da zai dogara da shi shi ne littafin magini da hotunansa. In babu su, ba shi da hujjar sa hannu, kuma aikin shekaru da dukiya mai yawa sai su ƙare a ƙarƙashin rumfa.

Hukumar da ke da wannan alhaki ita ce Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, wadda aka kafa da doka mai lamba 49 ta 1999, take kuma aiki yanzu bisa dokar 2022. Ita ke yi wa jirgi rajista, ta ba shi alamar ƙasa mai farawa da 5N, ita kuma ke ba da takardar shaidar lafiyar jirgi. Ƙa'idojinta sun samo tushe ne daga Yarjejeniyar Cikago ta 1944. Saboda haka duk mai niyya ya rubuta mata tun kafin ya buɗe akwatin farko, ya ji sharuɗɗanta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Abu na farko da za a adana shi ne takardun ciniki: rasidin kamfani, da lambar kayan, da takardun kwastan, da zanen da aka aiko, da duk wata sanarwar gyara da kamfanin ya fitar daga baya.

Na biyu, littafin aiki. A samu littafi ɗinkakke mai lambar shafi, a riƙa rubuta kwanan wata, da abin da aka yi, da awoyin da aka ɗauka, da sunan wanda ya yi. A rubuta da biro, a ranar da aka yi aikin. In an ɓata wani yanki an sake, a rubuta, kada a yage shafi. In an kauce wa zanen kamfani ko da kaɗan, a faɗi dalili. Wannan littafi ne ke nuna wanda ya yi aikin da gaske. A Amurka, misali, ba a kiran jirgi na haɗin gida sai in masu shi ne suka yi fiye da rabin aikin, abin da suke kira ƙa'idar kashi 51 cikin 100.

Na uku, hotuna. A ɗauki kowane sashe kafin a rufe shi, magini yana ciki, a sa kwanan wata, a kuma wanke su a takarda, gama waya takan ɓace ko ta lalace.

Na huɗu, littafin inji da na farfela, kowanne da lambarsa da awoyin da ya yi yana aiki. Injin da ba a san tarihinsa ba, ba a ɗora masa rai.

Na biyar, takardar awon nauyi da daidaito. A ɗora jirgin bisa sikeli, a lissafa inda nauyinsa ya rinjaya. Wannan ya shafe mu ƙwarai a Filato. Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang ya haura mita 1,200 bisa teku, iskarsa ba ta da kauri kamar ta Ikko, don haka inji kan rage ƙarfi, jirgi kuma ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, balle da rana tsaka.

Na shida, littafin gwajin tashi. Amurkawa sun daɗe suna keɓe awa 25 ko 40 na gwaji, gwargwadon irin injin da farfela, kafin a ɗauki fasinja. Kowane tashi a rubuta zafin inji, da man da ya sha, da duk wani abin da matuƙi ya lura da shi. Matuƙin kuwa ya zama mai lasisi. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana nan tana horar da matuƙa da injiniyoyi.

Daga ƙarshe, jama'a, a tuna jirgi kan bi ta kan gidaje da kasuwanni da makarantu ne. Ran da aka sayar da shi, littattafansa su bi shi hannun sabon mai shi. Ran da wani abu ya faru kuwa, Allah ya kiyaye, su ne masu bincike za su fara nema. A yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya nesa da wurin aiki saboda gobara da damina.

Allah ya yi mana jagora, ya kuma sa albarka ga sana'ar hannunmu.