ZALUNTAR DABBA: INA IYAKARTA, KUMA WA KE DA IKON HUKUNTAWA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kawo ana gab da Babbar Sallah ya ga abin da zan faɗa. Mota ta taso tun daga Maigatari ko Mai'adua, an danƙara raguna, rana ta take, ba ci ba sha. Ga mai babur ya rataya kaji kai ƙasa. Ga yaranmu a lungu sun ɗaure kyanwa suna jifa. Mun saba gani, har zuciya ta daina motsi. To, wannan sabon shi ne musiba.

Da farko mu san iyaka. Allah (T) Ya halatta mana hawa da noma da yanka. Kashe maciji ko kunama ko mahaukacin kare don tsare rai ba zalunci ba ne. Zalunci shi ne wahalar da ba ta da dalili, ko wadda ta zarce buƙata: ɗaure dabba ba abinci, ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, dukanta a fuska, haɗa raguna karo don caca ko nishaɗi, wasa wuƙa a gabanta, ko fara fiɗa rai bai gama fita ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. 'Yan'uwa, kyanwa fa! Ke nan ragon layyar da aka ja da ƙafa a kan kwalta yana da haƙƙi a kanmu ranar gobe.

To, yaushe ake hukunci? Mataki uku ne. Wanda ya yi cikin jahilci, kamar yaro mai danƙo, a koya masa cikin taushi. Wanda talauci ko sakaci ya sa ya bar dabbarsa da yunwa, malamai sun ce a tilasta masa ya ciyar da ita, ko ya sayar, ko ya yanka in ta halatta. Amma mai ganganci, wanda aka yi wa nasiha ya ƙi, wannan sai ta'aziri, gwargwadon yadda alƙali ya gani. Imam Mawardi ya lissafa hana ɗora wa dabba abin da ba ta iyawa cikin ayyukan mai hisba. Ko kundin laifuffukan Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sanya azabtar da dabba cikin laifuffuka.

Sai dai a lura, hukunci na hukuma ne. Babu ɗan'uwan da aka yarje wa ya mari direba ko mahauci da sunan kare rago. Namu shi ne baki da kyakkyawan misali, in abin ya faskara a kai wa Sarkin Fawa ko shugabannin kasuwa.

Don haka kowa ya fara daga gida. Yau in ka koma, duba akuyar da ke ɗaure a tsakar gidanku. Akwai ruwa a gabanta? Akwai inuwa? In za ka yanka, wasa wuƙar a bayan idonta, kada kuma ka yanka wata tana kallo.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ji ƙanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.