John Severson: Mai Zanen da Ya San Teku Daga Ciki



Mutumin da zan yi magana a kansa yau Ba'amurke ne, John Severson. An haife shi a Kalifoniya a 1933, ya rasu a tsibirin Maui na Hawai a 2017. Wasansa shi ne hawan igiyar teku: mutum ya kwanta rub da ciki a kan dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ruwa ya taso, sai ya miƙe tsaye igiyar ta kwashe shi zuwa gaɓa. 'Yan wannan wasa sun fi saninsa da mujallar Surfer da ya kafa a 1960, zanensa kuwa suna ɗaukarsa aikin da dattijo ya kama bayan ya huta. A ganina sun juya labarin ne.

Zanen ne ya riga komai. Zane ya karanta a kwalejin Long Beach, tun kafin aikin soja ya kai shi Hawai, inda ya fara ɗaukar finafinan masu hawan igiya. Da kansa yake yawo da finafinan daga gari zuwa gari, da hannunsa kuma yake zana takardun tallarsu. Ita kanta mujallar, asalinta ɗan littafi ne mai shafi 36 da ya haɗa don tallata fim ɗinsa Surf Fever. Idon mai zane ne ya sa ya gane baiwar wani yaro, Rick Griffin, ya ba shi fili a mujallar ya riƙa zana barkwancin da ake kira Murphy. Griffin ɗin nan daga baya ya shahara da zanen takardun tallar mawaƙa a San Francisco.

A 1969 Shugaba Richard Nixon ya sayi gida a San Clemente, maƙwabtaka da Severson. Jami'an tsaro suka cika wurin, shiga ruwa ma ya zama sai an yi da gaske. Maƙwabtaka da mai mulki ba ta cika daɗi ba, ko a Amurka. Ya fitar da fim ɗin Pacific Vibrations a 1970, ba da jimawa ba ya sayar da mujallar tana tsakiyar tashe, ya kwashi iyalinsa sai Maui.

To, me zanen nasa ya ƙunsa? Mai ɗaukar hoto yana kama ƙiftawar ido guda ne. Severson kuwa abin da jikinsa ya ji yake zanawa. Shi ya sa igiyarsa kan fi ta gaskiya tsayi, mutanensa su miƙe sirara, launuka su yi kau, shuɗi da ja da ruwan goro. Wanda bai taɓa ganin dutsen ruwa na shirin rufto masa ba zai ce an yi ƙari. Wanda ya taɓa gani ba zai ce haka ba. Ya yi aiki da fentin mai da na ruwa, ya kuma sassaƙa zane a kan katako yana bugawa a takarda, hanyar da ke tilasta wa mutum rage kwalliya, domin abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa.

Wasu zane-zanensa sun hau rigunan nan masu furanni na Hawai. Akwai masana da ke raina irin wannan, wai fasaha ta zama hajar kasuwa. Ban yarda da su ba. Mutanen da ya zana ba masu zuwa gidan baje kolin zane ba ne, a bakin teku suke wuni, kuma a jikin riga aikinsa ya iske su.