Daga Tabarmar Adashe Zuwa Ajin Yaƙi da Jahilci

Jawabin da masu wayar da kan jama'a suka yi a Bibémi ranar 8 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan gudun hijira da masu masaukinmu, sannunku da zuwa.

Mun san abin da ke hana da yawanmu shiga ajin manya: kunya. Dattijo ba ya son ya zauna a benci kamar jikansa. To, amma mu duba abin da rashin karatu ke ci mana. Kuɗi sun shigo waya ta Orange Money ko MTN, sai mu miƙa wa wani wayar, har da lambar sirri. An kawo takarda, sai mu dangwala yatsa ba mu san abin da ke ciki ba. An rubuta sunan yaro ba daidai ba a takardar haihuwa, ba za mu gane ba sai ranar jarrabawa.

Shi ya sa ba da aji za mu fara ba. Za mu fara a inda kuka saba zama: wurin adashe, ƙungiyar manoma, inuwar masu ɗinki. Darasin farko, kowa ya rubuta sunansa. Na biyu, lambobi. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take magana: dala ɗari ita ce 500, jaka ɗaya 1000. Wanda ya iya cinikin saniya a kasuwar Adoumri ya riga ya iya lissafi, rubutawa kawai ta rage masa. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya san harafi, boko ba zai gagare shi ba.

Idan hannu ya saba da alƙalami, sai mu raka ku cibiyoyin karatun manya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimin Firamare ta Kamaru, inda za ku koyi Faransanci na asibiti da na ofis.

Ba a biyan ko dala. Maigida, ka bar uwargida ta zo, da goyonta ma. Mai so ya ba shugaban ƙungiyarsa sunansa a wannan mako. Ko nan muka zauna, ko Allah ya mai da mu gida, karatu ba a ƙwace shi a kan iyaka.

Allah ya ba mu sa'a.