Alƙalami Ba Ya Nuna A Gona Ɗaya: Jawabi Ga 'Ya'yanmu Masu Karatun Turanci

 



Sanin kowa ne cewa idan yaro ya dawo gida ya ce an ba shi gurbin karatun likita ko na lauya a jami'a, har maƙwabta sai sun shigo barka. Idan kuwa ya ce Turanci aka ba shi, sai uba ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To, Allah Ya sa albarka," kamar wanda ake yi wa jaje. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun daɗe muna jin zafin wannan hali, shi ya sa muka zaɓi yin magana a kan abin da mai karatun Turanci zai iya zama idan ya kama alƙalami, da kuma hanyar da yake bi kafin ya nuna. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, takardar digiri fartanya ce kawai, marubuci kuwa yana ƙwarewa ne ta hanyar noma gonaki daban-daban na rubutu, domin kowace gona da darasin da take koya masa.

Darasi daga rayuwar Alhaji Abubakar Imam

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na marigayi Alhaji Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Kagara a 1911, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. A lokacin babu jami'a a Arewa, saboda haka shi da ire-irensa su ne masu digirin Turancin zamaninsu.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Wannan matashin malamin Turanci ya shiga da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san rubutun mai jini a jika ne, cike da raha da ƙulle-ƙullen da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. A wannan gona ya koyi saurare, wato yadda zai sa kowane mutum a labari ya yi magana da irin bakinsa.

A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya domin ya rubuta littafin karatu na makarantu. Aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya narkar da su, ya sa musu riga da rawani, har ya kasance mai karanta Magana Jari Ce ba ya jin ƙamshin baƙunta ko kaɗan. A nan amfanin Turancinsa da Larabcinsa ya bayyana. Da su ya shiga rumbunan wasu al'ummu ya ɗebo hatsi, amma da Hausa ya tuƙa tuwon. Haka kuma ya koyi tsari, domin ɗinke labarai masu yawa cikin littattafai uku ta bakin aku aiki ne na magini.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta har kimanin shekara 12. Jarida makaranta ce mai tsanani. Ba ta jiran marubuci sai ya ga dama, ba ta da filin ɓarnar kalmomi, kuma abin da ka rubuta yau gobe za a tare ka da shi a kasuwa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda ya zama idon dubban mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. Ya haɗu da East suka rubuta Ikon Allah a kan halittu da kimiyya, daga baya kuma ya juya ga tarihin Annabi da na sahabbai, fagen da ba a shigarsa da ƙage, sai da tantance kowace ruwaya. Ya rasu a 1981.

Ku duba wannan jeri, jama'a. Ƙagaggen labari ya ba shi kunne, jarida ta ba shi taƙaitawa da riƙon amana, labarin tafiya ya ba shi ido, kimiyya ta tilasta masa nemo sunan Hausa ga abin da ba shi da suna, tarihi kuma ya koya masa tsoron faɗin abin da bai tabbatar ba. Da ya tsaya a Ruwan Bagaja kaɗai, da mun samu mai ban dariya, mun rasa malami.

Masu digiri na baya-bayan nan

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen da ne. Farfesa Zaynab Alkali ta karanta Turanci a Kano, ta fitar da The Stillborn a 1984, littafin da ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985, sannan a 1997 ta gwada hannunta a gajerun labarai da Cobwebs and Other Stories. Helon Habila, ɗan Kaltungo, ya gama Turanci a Jami'ar Jos a 1995, ya koyar a Bauci, sannan ya tafi Legas yana rubuta labaran soyayya a mujalla kafin ya koma jaridar Vanguard. Ya rubuta waƙoƙi, gajeren labarinsa ya ci kyautar Caine a 2001, littafinsa Waiting for an Angel ya fito a 2002, a 2016 kuma ya ajiye ƙage ya rubuta rahoton bincike a kan 'yan matan Chibok. Habila bai fara da babban littafi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Gadon gidanmu ne

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu ɗinsa ke nan kusa da mu, ya rubuta tafsiri a Liya'ut Ta'awili, ya rubuta tsarin mulki a Liya'ul Hukkami, ya tara waƙoƙinsa da tarihin jihadi a Tazyinul Waraƙati, ya kuma yi wallafa a nahawu. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowane harshe da mutanen da take nufi da shi. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda sarautar Tambuwal ke jingine da shi, yana cikin malaman gidan da suka bar waƙoƙi da Larabci. Maƙwabcinmu marigayi Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 domin yara su haddace labarin ƙasarsu, a 1978 ya haɗu da Jean Boyd suka rubuta littafi da Turanci a kan shugabancin Shehu Usmanu, a 2001 kuma ya fitar da tarihin rayuwarsa, Beckoned to Serve. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, ina muka tsaya?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Mun ga masu digirin Turanci da ke iya zayyana ra'ayoyin masana a kan Shakespeare, amma a ce su rubuta wa ƙaramar hukuma takardar koke a kan rijiyar burtsatse da ta lalace, sai gumi ya karyo. Dalili shi ne, rubutu iri ɗaya suka sani, wato amsar jarrabawa. A ɗaya gefen kuma, dattawan da suka san tarihin kafuwar Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuci da Margai suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa kundin a ƙirji. Idan 'ya'yanmu ba su rubuta ba, baƙo zai zo ya kwana biyu ya rubuta mana, jikokinmu kuma su karanta su gaskata.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu: kowane hutu ku ɗauki gona guda. Wannan karo ku zauna gaban kaka ku rubuta tatsuniya yadda ta faɗe ta. Karo na gaba ku je kasuwa ku rubuto rahoto mai shafi ɗaya, da farashi da sunan kaya daidai. Bayan nan ku gwada waƙa domin ku san nauyin kalma, ku gwada wasan kwaikwayo domin yaran firamare, sannan ku fassara abin da kuka rubuta daga Hausa zuwa Turanci, da kuma daga Turanci zuwa Hausa. Kada ku ji kunyar a gyara muku, domin Imam ma editansa ya sha mayar masa da takarda.

Ga ƙungiya kuma muna da roƙo uku. Na farko, a keɓe shafuka a wannan mujalla kowace shekara domin rubutun matasanmu, da Hausa da Turanci. Na biyu, a sa gasa tsakanin makarantun sakandare na Tambuwal da Kebbe, a riƙa sauya fanninta shekara-shekara. Na uku, kowane ɗan ƙungiya da ke birni ya riƙa zuwa taro da littafi ko guda ɗaya domin makarantar da ta yaye shi. Ku kuma iyaye, idan yaro ya kawo muku takardar gurbin Turanci, ku sa masa albarka da fuska a sake, ku haɗa masa da alƙalami da littafin rubutu.