Ƙuri'ar Kwamfuta da Kuɗin Mutanen Ruma



Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, 'yan kasuwar Batsari da Safana da ƙauyukan ƙasar Ruma suka ƙara dogara ga POS da tura kuɗi ta waya. Tsaron wannan hada-hada ya rataya ne a kan lambobin sirri da kwamfuta ke zaɓowa kamar an jefa ƙuri'a. In ɓarawo ya iya hasashen lambar, kuɗin gero da na shanu sun salwanta.

Ƙuri'ar kwamfuta iri biyu ce: wadda ta dace da wasa kawai, da wadda aka gina don tsaro. Takardar bayanin manhaja ce ya kamata ta bambance su ɓaro-ɓaro. Ta harshen shirya manhaja na Python, misali, ta gargaɗi masu shirya manhaja kada su yi aikin tsaro da sashensa mai suna random, su koma ga wanda ake kira secrets.

Ga abin da raunin ƙuri'a ke jawowa: a 2008 aka gano wani gyara da aka yi wa manhajar tsaro ta OpenSSL a tsarin kwamfuta na Debian tun 2006 ya rage makullan sirri da take iya zaɓowa zuwa kimanin 32,000 a kowane nau'i. Kusan shekara biyu jama'a na kulle ƙofa da kwaɗon da ɓarawo ke iya gwada duk makullansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dole mai rubuta takardar bayanin manhaja ya faɗi inda lambobin ke fitowa, ko alkawarin tsaron mai ɗorewa ne, da abin da manhajar za ta yi in tushen ya gaza. Amanar manomin Ruma tana cikin waɗannan layuka.