Jiran Sakamako Bayan Dashen Ciki: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in yi magana a kan abin da muka saba yin sa cikin raɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin kowane 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Ke nan a wannan zauren ma ba ni kaɗai ba ce.

Dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, shi ne a ɗauko ƙwan mace a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, in ya kama a mayar mata cikin mahaifa. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, yanzu kuwa ana yin sa a asibitoci da dama a ƙasarmu. Sau 3 aka yi mini. Na sha allurai, mun kashe kuɗi, amma babu abin da ya kai jiran sakamako wuya.

Bayan an yi dashen, akan jira kwana 9 zuwa 14 kafin a auna jini a nemi sinadarin hCG, wanda ke nuna ciki ya zauna. Malamanmu sun san yadda muka rame lokacin jiran sakamakon jarrabawar fita. To, wancan jiran yana da sauƙi, domin ɗaliba ta san abin da ta rubuta. A nan kuwa jikinki ne takardar, kuma ba ki iya karanta shi.

Hausawa sun ce jiki magayi, amma a waɗannan kwanaki shaidarsa ba ta karɓuwa. Maganin furojestaron da ake ba mace don ya riƙe mahaifa yana kawo kasala, da kumburin ciki, da ciwon mama, kamar dai laulayi. Wata za ta ji duk wannan ba ciki, wata ba za ta ji komai ba alhali ciki ya kama. Ɗigon jini kaɗan ma ba hukunci ba ne. A sanar da likita, kada a daina magani. Haka nan tsinken gwaji na kemis: allurar da ake yi don ƙwai ya nuna sau da yawa tana ɗauke da hCG, tana iya kai kwana 10 a jiki, sai tsinken ya nuna ciki na ƙarya. In kuma an yi gaggawa, ya ce babu alhali akwai. Sauri ya haifi nawa.

Sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato "kwantar da hankalinki, damuwa ce ke hana shi zama." Wannan magana tana ɗora wa mace laifi tun kafin a san sakamako. A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da ya tattara bincike 14 a kan mata fiye da 3,500, aka ga damuwar da mace take ciki kafin a fara aikin ba ta rage mata damar samun ciki ba. Kwanciya a gado dare da rana ma ba a ga amfaninta ba. Saboda haka, 'yar'uwa, kukan da kika yi jiya bai zubar da komai ba.

Abin da ya taimake ni kaɗan ne. Na ci gaba da zuwa aiki da hidimar gida mara nauyi, don zaman banza shi ke ba zullumi wurin zama. Na ware wa damuwa lokacinta, bayan la'asar, in rubuta abin da ke raina in rufe littafin. Na zaɓi mutum 2 kawai da suka san ranar gwaji, don kada waya ta dame ni. Ni da maigidana kuma mun zauna tun da wuri mun shirya: wa zai karɓi sakamakon, ina za mu kasance, me za mu yi in ba a dace ba. Sau 2 ba a dace ba, kuma wannan shiri ne ya riƙe mu. Addu'a kuwa ita ce abokiyar dare. Amma tawakkali bai hana zuwa asibiti ba: in ciki ya kumbura ƙwarai, ko numfashi ya yi wuya, ko jini ya ɓalle, a tafi nan take. In baƙin ciki ya hana ci da barci, shi ma a gaya wa likita.

Ga 'yan'uwa maza, ina roƙo ku tuna kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Ku raka matanku, ku tare musu gorin dangi, kada kuma a ɗauko zancen ƙarin aure a cikin waɗannan kwanaki.

Mu kuma ƙawaye, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu daina tambayar "har yanzu shiru?" a gidan suna. Mu daina kawo jiƙe-jiƙen da likita bai san da su ba. Ki kai mata abinci, ki ja ta da hirar makaranta, ki bar ta ta faɗi labari da bakinta in ta ga dama. Ranar da sakamakona na biyu ya fito, wata 'yar ajinmu ta zo ta zauna da ni har magariba, ba ta yi mini wa'azi ba. A karo na uku Allah Ya ba mu 'ya mace, ita na fara kira.

Allah Ya ba masu nema, Ya sanyaya zuciyar masu jira, Ya saka wa malamanmu da alheri.